Darasi a telebijin

Muna zaune a Sabha, babban birnin Fazzan, a kudancin Libiya. A watan Maris na 2020, aka rufe makarantu saboda cutar korona. Sai aka riƙa ba da darasi a telebijin.

Na ji daɗin hotunan. Amma ran nan ban gane lissafi ba. Na ɗaga hannu, malamin telebijin bai tsaya ba. Can sai aka ɗauke wuta.

Da muka koma makaranta, malam ya duba allona, ya nuna mini kuskurena. Sannan na gane.

Tambayoyi
1. Don me aka rufe makarantu?
2. Don me malamin telebijin bai tsaya ba?
3. Wane malami ka fi so? Don me?