Rabon Malam-Buɗe-Littafi a Gefen Gona: Darasi a kan Kula da Halittar Allah



An shirya darasin wannan wata domin azuzuwan katikisma, da Zumuntar Mata, da ƙungiyar matasa, musamman a majami'unmu na yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam. Kafin a fara, shugaban taro ya sa a karanta Farawa 2:8-15 da Littafin Firistoci 19:9-10.

GABATARWA

A ranin da ya wuce, bayan Hadaya Mai Tsarki ta ranar Lahadi, wani dattijo daga cikinmu ya ja ni gefe ya ce, "Fada, kankanata ta yi yaɗo, ta yi fure kamar me, amma da zarar 'ya'yan sun fito sai su yi rawaya su zube. Waɗanda suka tsira kuwa duk sun karkace." Taki bai gaza ba, ruwa kuma yana samu a kan kari. Na ce, "Baba, yaushe kake yin feshi?" Ya ce, "Da sassafe, kafin rana ta yi zafi, kuma ba na wuce kwana uku ban yi ba."

Kashegari da hantsi muka tafi gonar tare. Ganye kore shar, fure ko'ina, amma gonar ta yi tsit. Babu kukan ƙudan zuma, babu malam-buɗe-littafi ko ɗaya. Baba ya kori ɓarayin gonarsa, ya kuma haɗa da ma'aikatan da suke yi masa aiki ba lada. Wannan shi ne tushen darasinmu.

MA'AIKATAN DA BA A BIYANSU

Iyayenmu sun shaida yadda wannan ƙasa ta sāke. An gama gina madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma haƙa magudanan da suke kawo ruwa Kadawa da Kura da Bunkure. Ƙasar da a dā take hutawa daga kaka zuwa bazara ta koma tana ba da shinkafa da alkama da tumatir da albasa da kankana. Wannan alheri ne da ya kamata mu gode wa Allah dominsa. Amma ruwa da taki kaɗai ba su isa su sa fure ya zama abinci ba.

Kowane manomi ya san bununin gero da na masara, wato wannan gari mai laushi da iska take kwasowa daga wannan tsiro zuwa wancan. Masara da gero iska ce take yi musu wannan hidima. Shinkafa da alkama kuwa kowane fure yakan wadatar da kansa. Ba haka kankana da kabewa da kokwamba suke ba. A kan yaɗo ɗaya akwai fure namiji, akwai fure mace. Za ka gane macen da ɗan ƙullutun da ke ƙarƙashinta, mai kama da ƙaramar kankana. Garin furen namijin yana da nauyi da danƙo, iska ba ta iya ɗaukarsa, sai ƙwaro ya shiga neman ruwan zaƙi, garin ya manne a jikinsa, ya kai wa macen. Zuwa ɗaya ma ba ya isa, sai an ziyarce ta sau da yawa kafin ɗan ya cika sosai. In garin ya gaza, ɗan ya zube ko ya karkace. Furen kuwa da safe yake buɗewa, kafin yamma ya rufe, ba ya sake buɗewa. To, ku dubi lokacin da Baba yake feshi.

Haka nan mai neman irin albasa, da mai riɗi, da mai mangwaro, da matan da suke tsintar kaɗanya, duk suna cin moriyar waɗannan ƙananan halittu. A shekarar 2016 wani babban taron masana na duniya ya ba da rahoto cewa fiye da kashi 75 cikin 100 na manyan ire-iren amfanin gona suna amfana da wannan hidima. A wasu gundumomin lardin Sichuan na ƙasar Sin, an kai ga mutane suna hawa itatuwan marmari suna shafa wa furanni gari da hannu, ɗaya bayan ɗaya.

Ƙudan zuma shi ne sarkin aikin. Bayansa akwai galla, da baƙin ƙwaron nan mai gurnani da yake huda busasshen itace, da wasu ƙudaje, har da jemage, wanda yake ziyartar furen kuka da na ɗorawa da dare. Malam-buɗe-littafi bai kai zuma ƙwazo ba, amma shi ne mai shaida: inda ka gan shi yana yawo, akwai fure, akwai ruwa, dafi kuma bai yi yawa ba.

ABIN DA YA FARU A 2016

Kada wani ya ce Fada bai san zafin asara ba. Duk mun tuna shekarar 2016, sa'ad da tsutsar tumatir da manoma suka sa wa suna "sharon" ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, tumatir ya gagari talaka a kasuwa. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta shiga ƙasar Sifen a 2006, daga nan ta bazu. A wannan shekarar ta 2016 kuma aka fara ganin wata baƙuwar tsutsa mai cin zuciyar masara. Dukansu biyu 'ya'yan wasu ƙananan ƙwari ne masu tashi da dare, dangin malam-buɗe-littafi na nesa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tun daga lokacin da yawa daga cikinmu suka ɗauka duk abin da yake da fiffike maƙiyi ne, aka ƙara yawan feshi, har ana gauraya magani biyu ko uku a tanki ɗaya. Amma tsutsar takan saba da maganin da aka yawaita mata, alhali zuma da ƙwarin da suke cin tsutsar su ne suke fara mutuwa.

ABIN DA MAGANAR ALLAH TAKE KOYA MANA

Littafin Farawa ya nuna mana cewa wurin zama na fari da Allah ya ba mutum lambu ne, ya kuma ɗora masa aiki biyu: nomansa da kiyaye shi. Mun ƙware a na farko, mun yi sakaci da na biyu. A Littafin Firistoci kuwa Ubangiji ya hana Isra'ilawa girbe gona har ƙarshen iyakarta. Gefen rabon matalauci ne da baƙo. Da irin wannan kala ce Rut ta ciyar da surukarta Na'omi, Rut ɗin da ta zama kakar mahaifin Sarki Dawuda. Dokar domin mutane aka ba da ita, amma hikimar da ke cikinta ta fi haka faɗi: gonar da mai ita ya ƙwace kowane taku nata domin kansa, ƙarshenta ita ma takan hana shi.

Littafin Sirak 11:3 ya kafa misali da ƙudan zuma domin ya gargaɗe mu kada mu rena wani saboda ƙanƙantarsa. Har wa yau, a daren Ista, sa'ad da muke tsaye kewaye da babban kyandir, waƙar shelar tashin Ubangiji takan ambaci ƙudan zuma da ya yi kakin. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da sura sukutum mai sunan ƙudan zuma, wato Suratun Nahli, saboda haka wannan aiki ne da za mu iya yi tare da su a bakin magudana ɗaya.

Ikilisiya ba ta yi shiru ba. A 1979 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya naɗa Waliyyi Faransis na Asisi majiɓincin masu kula da muhalli, a saƙonsa na Ranar Salama ta Duniya ta 1 ga Janairu 1990 kuma ya koyar cewa lalata halitta matsala ce ta lamiri. Marigayi Paparoma Faransis ya faɗaɗa wannan koyarwa a wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015. Mu tuna kuma da Fada Gregor Mendel, wanda a ɗan lambun gidan sufaye na garin Brno ya yi ta ɗaukar garin fure daga wannan tsiro zuwa wancan, har ya gano ƙa'idodin gādon halitta, aka buga su a 1866. Shi ɗan zumuntar Waliyyi Agustin ne, zumuntar da ta ba Dayosis ɗin Kano bishop ɗinta na fari, Patrick Sheehan, a 1999.

YADDA ZA A KAFA LAMBUN

Ina roƙon kowace majami'a ta keɓe ɗan fili, ko da taku goma ne a tsaye da goma a kwance, kowane manomi kuma ya bar kunya ɗaya a gefen gonarsa.

1. Wuri. A zaɓi inda rana take bugawa da safe, gama malam-buɗe-littafi ba ya iya tashi sai jikinsa ya yi ɗumi. A kafa darni ko zana ta gabas da arewa domin tare iskar hunturu, a kuma kewaye wurin saboda awaki.

2. Fure a kowane lokaci. Yunwar ƙwari takan zo ne sa'ad da aka girbe komai gaba ɗaya. Zogale yakan yi fure kusan duk shekara in yana samun ruwa. Riɗi da yakuwa da kuɓewa da wake suna rufe damina da kaka. Gawo yakan yi fure da shigowar rani, mangwaro da hunturu, darbejiya kuma gab da bazara. A ƙara da ɗoɗɗoya da lalle, a kuma bar albasa kaɗan ta yi fure. Duk waɗannan suna shiga tukunya ko kasuwa, ba asarar fili ba ce.

3. Abincin 'ya'yansa. Nan ne mutane da yawa suke kuskure. Malam-buɗe-littafi ruwan fure yake sha, amma ɗansa tsutsa ce mai cin ganye, kowane iri kuma da ganyen da yake ci. Mai launin ruwan goro da baƙin gefe da ɗigon fari, a kan tumfafiya yake yin ƙwai. Fari ko mai ruwan ƙwai da yake yawo garke-garke, tafasa da rai-ɗore yake nema. Babban nan baƙi mai ɗigon rawaya kuwa ganyen lemo 'ya'yansa suke ci. In itacen ƙarami ne a ɗauke su da hannu a mayar kan babba. Saboda haka a bar tumfafiya guda biyu da ɗan tafasa a kusurwa. Waɗannan tsutsotsi ba sa taɓa tumatir ko masara. A dai gargaɗi yara cewa nonon tumfafiya yana cutar da ido.

4. Ruwa. A sa kasko marar zurfi, a zuba yashi da tsakuwa, a jiƙa su, domin ƙwaro ya sami wurin tsayawa kada ya nutse. A riƙa sāke ruwan bayan kwana biyu ko uku, kada mu yi kiwon sauro.

5. Mafaka. A bar guntun busasshen itace da ɗan wurin da ba a kaftu, gama wasu dangin zuma a cikin itace ko a ƙasa suke gida. Kada a cinna wa wurin wuta. Amya kuwa a rataye ta nesa da majami'a da makaranta. Zuma da zaƙi take, da harbi kuma.

6. Feshi. A cikin lambun babu feshi ko kaɗan. A gona, a duba tukuna a tabbata akwai ɓarna. In ya zama tilas, a yi shi da yamma liƙis bayan furanni sun rufe, zuma ta koma gida, ba kuma lokacin da iska take kaɗawa ba. A bi ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalba, a nemi shawarar malamin gona, a sanar da maƙwabci mai amya. Kada a wanke tankin feshi a magudana, gama akwai mai wanka da mai shayar da dabba a ƙasa da kai.

LITTAFIN DA AKE BUƊE MANA

Kakanninmu da suka raɗa wa wannan ƙwaro suna sun lura da yadda yake buɗe fikafikansa yana rufewa kamar shafukan littafi. Katikis ya kai yara su karanta wannan littafi a kan ganyen tumfafiya. Za su ga ƙwai, sa'an nan tsutsa, sa'an nan tsutsar ta rataye kanta cikin ƙwanso, shiru kamar gawa a likkafani. Bayan 'yan kwanaki ƙwanson ya tsage, sabuwar halitta ta fito ta tashi sama. Shi ya sa tun dā masu zane na Kirista suka ɗauke shi alamar tashin matattu. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba zai sha wuyar fahimtar koyarwar Manzo Bulus a 1 Korantiyawa 15 ba.

Ikilisiya takan yi addu'a domin kula da halitta a ranar 1 ga Satumba, har zuwa idin Waliyyi Faransis a ranar 4 ga Oktoba. Ina fata kafin wannan idi kowace majami'a ta kafa darninta, ta dasa zogalenta.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Waɗanne amfanin gona ne a ƙauyenku suke bukatar ƙwari kafin su yi 'ya'ya?
2. Wane ne matalauci, wane ne kuma baƙo, da za a bar wa gefen gonarka a yau?
3. In feshina ya kashe zumar maƙwabcina, akwai abin da zan faɗa a wurin furta zunubi?

BARI MU YI ADDU'A

Ya Allah Uba, Mahaliccin manya da ƙanana, kai ne ka ba mu ruwan Tiga da ƙasar da yake shayarwa. Ka gafarta mana inda tsoron asara ya sa muka hallaka abin da ka aiko domin taimakonmu. Ka koya wa hannuwanmu noma da kiyayewa, ka sa albarka a gonakinmu da na maƙwabtanmu. Muna roƙo ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.