Haƙƙin Baƙo Mai Ciwo A Cikin Zakkarmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa a kan na ƙarshe ne daga cikin kaso takwas na masu cin zakka da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba, wato ibnus sabil, matafiyin da guzuri ya yanke masa.

Mu mutanen Arlit da Akokan ba ma bukatar a fassara mana wannan kalma. A 2007, da yaƙi ya sake tashi a dutsen Ayar, mutanen Iferwan sun bar garakensu da bisashensu, wasu suka sauka a gidajen danginsu a nan. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamadar da ke arewa da mu, galibinsu mata da yara daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya. Allah Ya jiƙansu. Tun 2014 kuma ayarin motoci ke sauke ƴan ƙasarmu da aka koro daga Aljeriya a Asamaka, sannan su biyo ta garinmu. Wanda ya zo a haka da ciwo yake zuwa: ƙafa ta tsage, yaro na gudawa, mace ga tsohon ciki, dattijo maganinsa na hawan jini ya ƙare.

Shekaru da yawa mun jingina wannan nauyi ga wasu. Asibitocin kamfanonin SOMAIR da COMINAK sun daɗe suna duba mutanen gari, amma COMINAK ya daina haƙar uraniyom ranar 31 ga Maris 2021. Ƙungiyoyin agaji na waje sun yi aikin da ya cancanci godiya, sai dai kuɗinsu ba a hannunmu yake ba. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyakoki, magani ya yi wuya. A 2025 Amurka ta datse mafi yawan tallafinta ga ƙasashen waje. Zakka kuwa farilla ce, tana nan duk shekara.

To, ga hukunci a mazhabar Imamu Malik. Matafiyi yana cin zakka ko da mawadaci ne a garinsu, matuƙar tafiyar ba ta saɓo ba ce, kuma bai sami mai ba shi rance ba. Makiyayin da yaƙi ya raba da raƙumansa, ba a ce masa ai kana da dukiya. Idan kuwa can ma bai bar kome ba, ya shiga cikin matalauta, maganar rance ma ba ta taso ba.

A inda dukiya take ake raba zakkarta, ba a kai ta nesa sai in na can sun fi bukata. Wannan ya shafi fatake da ma'aikatan da ke aika zakkarsu gaba ɗaya garuruwansu, alhali ga majinyaci kwance a bakin tasha. Zumunci abin yabo ne, amma a duba.

Ba a gina masallaci da kuɗin zakka, duk da mun san wannan magana ba ta yi wa wasu kwamitoci daɗi. Mai kantin magani kuma da ya ba baƙo magani bashi, ya ga ba zai iya biya ba, ba ya halatta ya yafe bashin ya lissafa shi cikin zakkarsa.

Cikin masu zuwa akwai waɗanda ba Musulmi ba. Waɗannan a yi musu daga sadakar taɗawwu'i, ladanta tabbatacce ne.

Muna kira ga kowane masallacin Juma'a ya naɗa amintattu biyu su riƙe littafi, su riƙa leƙa asibiti da tasha, su miƙa kuɗin ga majinyaci ko mai jinyarsa hannu da hannu, domin sai ya mallaka zakka take sauka daga wuyan mai fitarwa. In ya wakilta su su sayo masa abin da likita ya rubuta, babu laifi.