Kifin Gwangwani A Miyar Damina

Manomi, ka san halin da gida yake shiga a watannin Yuli da Agusta. Hatsin rumbu ya yi ƙasa, ga noma ya yi yawa, nama kuwa sai ranar kasuwa, in ma an samu. Tuwo yana ba da ƙarfi, amma shi kaɗai bai isa ya gina jiki ba. A nan ne kifin gwangwani, wanda ake kira sardin, yake da amfani.

A cikin giram 100 na wannan kifi akwai fiye da giram 20 na abincin gina jiki. Kitsensa kuma yana da kyau ga zuciya.

Kada a cire ƙayarsa a zubar. An dafa kifin da zafi mai yawa har ƙayar ta yi laushi, ana iya tauna ta. A cikinta ne ake samun kalsiyam, wato abin da yake ƙarfafa ƙashi da haƙora. Yara da mai ciki da mai goyo su ne suka fi bukatarsa.

Saboda haka gwangwani ɗaya ba na maigida kaɗai ba ne. Ka ba uwargida ta marmasa shi cikin miyar kuka ko ta kuɓewa, don kowa ya samu. Ta rage gishiri, domin da gishirinsa ya zo. Mai hawan jini ya kula da wannan.

In za ka saya, ka duba kwanan watan da ke jikin gwangwanin. Wanda ya kumbura, ko yake yoyo, ko ya yi tsatsa, ka bar shi ko da an rage maka kuɗi, domin gubarsa tana iya kisa. In an buɗe, a cinye a ranar, kada ya kwana.