Zafin Man Giya: Darasi Ga Masu Motocin Ɗaukar Kaya Zuwa Kurmi

Sanin kowa ne cewa cinikin Hausawa mazauna Fatakwal da Anacha da Inugu ya dogara ne kan mota. Albasa da tumatir da shanu suna gangarowa daga Arewa, manja da garin rogo kuma suna hawa. Idan mota ta kwana biyu a gefen hanya, kayan gwari sun lalace, jarin fatake ya tafi. A motoci masu giyar otomatik, ɗaya daga cikin abubuwan da ke jawo irin wannan tsaiko shi ne zafin man giya.

Aiki uku wannan mai yake yi: yana isar da ƙarfin inji ta cikin kwanbata, wato tukunyar da ke tsakanin inji da giya, yana matse faifan kuloci, yana kuma kwashe zafi. Kamfanin Allison na Amurka, mai ƙera giyar manyan motoci, ya ƙayyade cewa zafin da ya dace shi ne digiri 71 zuwa 93 a ma'aunin Salshiyas, kuma kada ya wuce 121. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce, ƙarin kimanin digiri 10 bisa ƙima yana rage rabin rayuwar mai. Daga nan robobi su ƙandare, kuloci ya fara sulɓi.

Hanyoyin wannan yanki suna tara zafi ta fuska biyu. Ta farko hawa ce da lodi, kamar tudun Ugwu Onyeama da mota ke haurawa daga Inugu zuwa 9th Mile. Ta biyu gosulo ne, irin na Upper Iweka a Anacha da mahaɗar Eleme a Fatakwal. Gadar Neja ta biyu da aka buɗe a 2023 ta rage wa tsohuwar gadar 1965 cunkoso, amma cikin gari yana nan. A gosulo kwanbata na ta kaɗa mai, alhali iska ba ta ratsa lagireto sosai.

Saboda haka, direba ya mayar da giya fili idan tsayuwa za ta wuce minti biyar. A kan tudu ya zaɓi ƙaramar giya da hannu, don kada ta riƙa hawa da sauka. In geji ya nuna zafi, ya sauka gefe, ya ja birkin hannu, ya sa giya fili, ya ɗan taka inji har zafin ya sauka. Kashe inji nan take yana tsayar da famfon da ke zagaya da man.

Shi kuwa mai mota, wajibi ne ya sa a wanke lagireto, domin a yawancin motoci ruwan inji ne ke sanyaya man giya. Motar da ke yawan ɗaukar lodi tana bukatar ƙarin ƙaramin lagireton mai a gaba, da geji a gaban direba. A riƙa duba mai inji na aiki, mota a shimfiɗaɗɗen wuri. Jan mai lafiyayye ne. Wanda ya yi duhu yana ƙauri ya ƙone. Wanda ya koma kamar madara ruwa ya shige shi, ko daga lagireto ko daga ambaliyar damina.

Har ila yau, ba kowace otomatik ke shan jan mai irin Dexron ba. Giyar I-Shift ta Volvo, wadda ta fito a 2001, da ire-irenta a kawunan tirela, busasshen kuloci gare su, man da suke sha kuma daban ne. Kafin a zuba komai, a duba littafin motar.

A lissafin ɗan kasuwa, kuɗin geji da lagireton mai ba su kai na sauke giya ba, balle asarar lodin tumatir guda. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.