Fitilun gaban direba da ganin hanya da dare

Direbobi da yawa na kukan cewa da zarar sun bar fitilun gari, hanya sai ta yi musu duhu fiye da kima, su ɗora laifin a kan fitilar gaba. Sau tari matsalar tana cikin motar, dab da sitiyari: hasken mitocin da ke gaban direba.

A tantanin da ke bayan ido akwai ƙwayoyin gani iri biyu. Ɗaya na aiki da rana, shi ke rarrabe launi. Ɗayan na dare ne, shi ke hango motsi a gefen titi: mai tafiya a ƙasa, saniya, ko tirelar da aka ajiye ba fitila. Na daren yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, amma haske mai ƙarfi kan rushe wannan sabo nan take. Hasken da ya fi taɓa shi kuwa shi ne shuɗi mai ratsin kore. Ja kusan bai san da shi ba. Shi ya sa aka daɗe ana amfani da jan haske a jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa, kuma BMW ya shekara da shekaru yana haska mitocinsa da launin ruwan goro.

Sai dai ja ma yana da nasa cikas. Wanda ya haura shekara 40, idonsa ya fara gazawa wajen karatu na kusa, zai sha wahalar karanta lambobi a jan haske. Shuɗi kuma yana warwatsuwa a ido, lambobin su yi dishi-dishi. A ganina ruwan goro ko fari mai laushi sun fi dacewa.

Amma ƙarfin hasken ya fi launinsa muhimmanci, domin mai bin hasken fitilar gaba idonsa ba ya cikin cikakken duhu. Kamfanin Saab ya gane haka: a 1993 ya fito da maɓallin da ke kashe kusan duk mitoci, ya bar na gudu kaɗai.

Don haka nemi abin rage haske, galibi ɗan maɓalli ne ko abin murzawa kusa da sitiyari, ka rage har inda za ka iya karanta gudu da kallo ɗaya. Allon Android ɗin nan da ake maƙalawa a mota, mayar da shi tsarin dare ko ka kashe shi, waya ma ka kife ta. Shuɗayen fitilun ado da masu wayarin ke jerawa a ƙasan kujeru, a cire su kawai. A goge gilashin gaba ta ciki, don maiƙon da ke kansa yana dawo da hasken mita cikin ido.

In ka yi duk wannan kuma har yanzu fitilar motar da ke tahowa tana kashe maka ido na tsawon lokaci, je a duba ka. Yanar ido tana iya farawa da haka, kuma ƙarancin sinadarin bitamin A yana kawo dundumi.