Ɗaure Raƙumarki: Darasi Kan Tsare WhatsApp Da Asusun Banki

  

Darasinmu na wannan fitowa a kan amana ne, amma amanar da ke cikin wayar hannunki. Imam Tirmizi ya ruwaito daga Anas ɗan Malik (RA) cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ne ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umarce shi da ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. To 'yar uwa, yau raƙumar da yawanmu tana cikin jaka. Kuɗin adashe yana ciki, jarin turaren wuta ko na atamfa yana ciki, hotunanki ba mayafi da hirarki da maigida duk suna ciki. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, wadda ba ta taɓa tura kuɗi ta waya ba ma dole ta koya, daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa. Mun koyi turawa da karɓa, amma kaɗan ne cikinmu suka koyi ɗaurewa.

Ki dubi gidajenmu na cikin birni. Baƙo ba ya faɗowa tsakar gida kai tsaye. Sai ya wuce zaure, ya wuce shigifa, ɗakinki ma da ƙyaurensa, akwatin da ke ciki da kwaɗonsa. Abin da masana kwamfuta ke kira tabbatarwa mai mataki biyu ke nan: kada shiga asusunki ya rataya a kan shaida guda ɗaya. Shaidun iri uku ne. Akwai abin da kika sani, wato lambar sirri. Akwai abin da kike riƙe da shi, kamar layin waya ko katin banki. Sai abin da ke jikinki, zanen yatsa ko fuska. Kin ma daɗe kina aiki da wannan ba ki lura ba. Katin ATM ba ya fitar da kuɗi sai da lambobin nan 4, lambobin kuma ba sa aiki sai da katin. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga mace ta rubuta lambar a takarda ta naɗe katin da ita ta ba yaro ya kai wa mai POS. Kwaɗo da ɗan makulli ta haɗa ta miƙa.

Inda aka fi cutar mu shi ne WhatsApp. Ga yadda ake yi. Wani zai kira ki da sallama cikakkiya, har da sunanki, don ya gani a zauren makarantar Islamiyya ko na 'yan adashe. Zai ce ƙungiya za ta yi taro ta intanet da daddare, ko an sa sunanki a wani tallafi, an turo miki lambobi 6 ta saƙo, ki karanto masa ya yi miki rajista. Gaskiyar magana, shi ne ya sa lambar wayarki a tasa wayar, WhatsApp kuma ya turo miki lambobin don ya tabbatar ke ce. Kina karantawa an fitar da ke, shi ya zama ke. Kafin la'asar ya rubuta wa yayarki da aminiyarki cewa yaro na asibiti a taimaka da dubu ashirin, su kuma sun ga hotonki da sunanki, sai su tura. Asarar kuɗin da sauƙi a kan zargin da ke biyo baya tsakanin 'yan uwa. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta hore mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, don haka duk wadda ta nemi kuɗi a rubuce, ki kira ta ki ji muryarta tukuna.

Maganin yana cikin wayar tun 2017, kyauta ne, bai kai minti biyu ba. Ki buɗe saitunan WhatsApp, ki shiga sashen asusu, ki nemi inda aka rubuta Two-step verification ki kunna. Za ki zaɓi wasu lambobi 6 na kanki waɗanda ba a turo su ta saƙo, a kanki kawai suke. Daga nan ko an yaudare ki kin karanta lambobin saƙon, mai kutse zai tarar da ƙofa ta biyu a rufe. Kada ki sa shekarar haihuwarki ko ta ɗan fari, kada ki sa 123456. In kina da imel ki haɗa shi, don ranar mantuwa. Facebook da Gmail ma suna da irin wannan tsari.

In kuma an riga an ƙwace, kada ki zauna kuka. Ki sake yin rajista da lambarki, sabbin lambobi za su zo layinki, kina sa su an kori ɓarawon. Amma in ya riga ki kunna matakin na biyu da nasa lambobin, sai kin jira kwana 7. Kafin nan ki kira mutanenki ki shaida musu, a kuma sanar a zaurukan da kike ciki.

Sai maganar layi, don shi ne uwar makullan. Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da BVN a watan Fabrairun 2014, a watan Disambar 2020 kuma gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar NIN. Ma'ana, layin da saƙon banki ke shigowa yana da mai shi a hukumance. Mata da yawa suna riƙe da layin da ƙane ko maigida ya yi wa rajista da sunansa. Ranar da ya ɓace, shi kamfani zai saurara. Ki yi shawara da maigida cikin ladabi a gyara, layin da asusun su zama da sunanki, domin Musulunci ya tabbatar wa mace mallakar dukiyarta. Ki sa wa layin kansa lambar sirri, ta yadda in an sace wayar aka cire shi aka sa a wata, ba zai buɗe ba. Sai dai ki kula, in an yi kuskure sau 3 zai kulle, sai da lambar PUK da ke jikin katin da layin ya zo a ciki, don haka ki adana katin nan tare da takardun gida. Ki kuma tambayi bankinki lambar da ake dannawa a rufe asusu daga kowace waya, ki rubuta ta a littafi, ba a cikin wayar ba.

Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya kira ya nemi lambar katinki ko lambar da aka turo ta saƙo, ko da ya karanto miki sunanki da BVN ɗinki daidai. Ki kashe kiran, ki je reshe da kanki ko ki kira lambar da ke bayan katin. Malamai da shugabannin zaure, don Allah a ware minti goma bayan karatun wannan makon, wadda ta iya ta kunna wa wadda ba ta iya ba, amma ta juya fuska lokacin da mai wayar ke danna lambobinta.