Zafin Inji da Zafin Jiki

Duk wanda ya taɓa kai tsohuwar mota gareji a Kalgo ko Gwandu cikin watan Afrilu, lokacin da zafin rana kan haura digiri 40, ya san maganin da ake fara ba motar da ke tafasa ruwa. Bakanike zai kwance wani ɗan ƙarfe da ake kira tamostat ya jefar, ya ce don ƙasar Turawa aka yi shi. Ni kaina an yi wa motata haka, har na yi godiya.

Fannina shi ne nazarin halittu, saboda haka bari mu faro daga jikin ɗan Adam. Jiki yana riƙe zafinsa a wajen digiri 37, ko da bazara ko da hunturu. Wani sashe na ƙwaƙwalwa ne ke auna zafin jini, ya umarci fata ta yi gumi ko tsoka ta yi makyarkyata. Shi ma inji yana da zafin da ya fi dacewa da shi, wato wajen digiri 90. Tamostat ƙofa ce mai ɗauke da kakin da ke kumbura idan ya ji zafi. Tana tsare ruwa cikin inji har ya ɗumama, sannan ta buɗe masa hanyar lagireto.

A zamanin Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ɓarnar cire ta ba ta fitowa da wuri, domin kafireto ba ya tambayar kowa kafin ya zuba mai. Motocin da suka biyo baya, irin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano, daban suke. Suna da ƙaramar kwamfuta, wadda direbobi ke kira ƙwaƙwalwar mota. Ita ce ke karɓar rahoto daga ma'aunin zafin ruwa, ta daidaita cakuɗa a kan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur. Amma idan inji na da sanyi, takan ƙara mai da gangan, domin fetur ba ya zama tururi sosai a cikin ƙarfe mai sanyi.

To, mai karatu ya duba abin da zai faru da asubahin hunturu a kan hanyar Gwandu. Ba tamostat, fanka kuma an haɗa ta kai tsaye, inji ya ƙi ɗumama. Ƙwaƙwalwa ba ta yi kuskure ba, gaskiya aka gaya mata, sai ta yi ta ƙara mai. Fulogi ya yi baƙi, rarar fetur ta zurara ta tsinka baƙin mai, ringi ya riƙa cinyewa. A wasu motoci masu sauya giya da kansu, kwamfutar takan hana shiga giyar ƙarshe sai ruwa ya yi zafi, har mai mota ya zaci giyabos ne ya lalace.

Abin takaici, ainihin cutar tana nan. Sau da yawa ruwan rijiya ne ya bar farar ƙasa ta toshe bututun lagireto, ko murfinsa ya daina riƙe matsi, alhali matsin ne ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Gwada tamostat kuwa ba wuya: a jefa ta cikin tukunyar ruwa bisa wuta. Mai lafiya za ta buɗe kafin ruwan ya tafasa. Idan ta ƙi, sabuwa ake saya. Tawa, da na koma na tsinto ta, ta buɗe sarai.